Yadda zaka hada wa niyut akwatin gilashi ka kula da ita ba tare da zafi ya kashe maka ita ba

Ranar da na fara saka hoton dabbar nan a status mutum kusan goma ne suka tambaye ni wai kiwon kadangare na koma, wani abokina ma cewa yayi tsaka ce in yi maza in nemo takalmi. To ba kadangare bace kuma ba tsaka bace. Turawa suna ce mata niyut, mu bamu da sunanta da Hausa saboda babu ita a kasarmu kwata-kwata, a Afirka ma sai can arewa wajen Maroko da Aljeriya da Tunisiya ake samun danginta. Yar uwar kwado ce, a ruwa ake kyankyashe ta, fatarta laushi gareta babu bawo irin na kadangare, kuma da fatar nan take shan ruwa, da ita take wani bangare na numfashinta. Ka rike wannan maganar ta fata domin duk abin da zan fada a kasa daga nan ya samo asali, duk abin da ya taba ruwan da take ciki ya shiga jikinta kenan.

Ni a arewacin Ingila nake zaune kuma a nan nake kiwon su, dan haka lissafina na nan ne. Kuma bari in fara da maganar da zata bata wa wasu rai, in kana Kano ko Sakkwato ko Maradi dan uwa wannan kiwon ba naka bane sai dai in kana da dakin da AC baya mutuwa dare da rana. Niyut tana so ruwa ya tsaya tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas, da ya haura 23 ko 24 ya dade a haka zata fara wahala, ta daina cin abinci, cuta ta shigo. Kai kuma kasan yadda watan Afrilu yake a gida, 40 ake bugawa, ga wuta a kawo a dauke. Kadangare rana yake nema ya shanya jikinsa, ita wannan gudun rana take. Wanda ya kawo tunanin kadangare cikin kiwon niyut, ya sayo mata fitilar dumama ko hita, da hannunsa ya kashe ta.

Wacce zaka saya, kuma a wajen wa

Wadda aka fi gani a hannun masu kiwo ita ce mai jan ciki. Iri biyu ne, ta Chaina, Cynops orientalis, karama ce bata cika wuce santimita 10 ba, bayanta baki cikinta ja ko ruwan lemo da dabbare-dabbaren baki, sai ta Japan, Cynops pyrrhogaster, wadda ta dan fi ta girma fatarta kuma ta fi kaushi. Akwai kuma ta Sifaniya, Pleurodeles waltl, wannan katuwa ce tana iya kaiwa santimita 30, ta fi sauran jure dan dumi kuma bata da zaben abinci, ni a ganina ita ta fi dacewa da sabon shiga in dai akwai wajen ajiye babban akwati. Abin mamaki gareta ma, in aka matsa mata sai ta turo tsinin hakarkarinta ya huda fatarta ta gefe ya soki mai kama ta, daga baya wajen ya warke kamar ba a yi ba. Wadda zan ce ka kiyaye ita ce mai fadin wutsiya da ake kira Pachytriton, tana kama da mai jan ciki har wasu shaguna suna hada su a suna daya, amma mafadaciya ce, in ka hada biyu a karamin waje daya zata illata daya.

Kar ka kamo daga kududdufi. A nan Birtaniya akwai wadda ake kira Triturus cristatus mai tukku a baya, dokar 1981 ta kare namun daji ta hana kama ta ko lalata mata mazauni, laifi ne sosai. Ka nemi wanda ya kyankyashe su a gidansa, ka tambaye shi shekarunsu da abin da yake basu. Dalilin ba na doka kadai bane, akwai wata cutar fata da wani nau'in fangas ke kawowa ana ce masa Bsal, a 2013 masana suka gano shi bayan ya kusa karar da wani nau'in salamanda, dangin niyut, a kasar Holan, kuma bincike ya nuna daga Asiya ya zo ta hanyar cinikin irin wadannan dabbobin. Saboda shi ne Amurka a Janairun 2016 ta hana shigo da nau'i 201 na salamanda da niyut, Tarayyar Turai ma ta saka nata ka'idojin a 2018. Wadanda aka kamo daga daji aka loda a jirgi yawanci a rame suke zuwa da gyambo, ka biya kudi ka sayi jinya.

Sannan ka sani tsawon rai garesu, shekara 10 zuwa 15 ba komai bane, ta Japan tana wuce 20. Ba kajin sallah bane da za a rabu bayan wata uku.

Hada akwatin

Ka sayi akwatin tun sati hudu zuwa shida kafin dabbar ta shigo gidan, zan fadi dalili. Na gilashi irin na kifi, tsawo santimita 60, fadi 30, tsayi 30, yana daukar lita 54, ya isa masu jan ciki uku ko hudu. Ta Sifaniya kuwa ka nemi mai tsawon 80 ko 90 in biyu ko uku zaka ajiye. Fadi ya fi tsayi amfani tunda a kasan ruwa suke yawo. Ka wanke shi da ruwa zalla, ban da sabulu ban da omo, bokiti da soso ma ka ware musu nasu wanda uwargida ba zata dauka tayi wanke-wanke dashi ba.

Wajen ajiyewa ka zagaya gidan ka nemo inda ya fi ko'ina sanyi, nesa da taga, nesa da hitar bango, nesa da kicin. Teburin ya zama mai karfi kuma a mike yake, domin kowace lita kilo daya ce, ka kara nauyin gilashi da yashi da duwatsu.

Murfi. Wallahi in zaka manta da komai kar ka manta da murfi. Dabbar nan da kake gani tana tafiya kamar mara lafiya, hawa gilashi take, ta manna jikakken cikinta ta bi kusurwa har sama. Ta farkon da na rasa kenan, mai shagon da na sayi akwatin yace min murfin da ya zo dashi ya isa, ashe akwai yar kafa a baya inda tiyo yake shiga wadda ko dan yatsana baya shiga sosai, da safe na kirga na ga biyu maimakon uku, sai bayan kwana biyu na same ta bayan kujera ta bushe kamar kilishi. Murfin raga mai kananan ido ya fi, iska na shiga zafi na fita, kuma duk wata kafa ka cusa mata soso ka toshe.

A kasan akwatin ko dai yashi mai laushi wanda ka wanke shi har ruwan ya fita fes, kaurin santimita 2 ya isa, ko ka bar gilashin haka babu komai, ya fi saukin shara duk da bai da kyan gani. Abin da ban yarda dashi ba shi ne kananan tsakuwa masu launi da ake sayarwa dan kifi, niyut wawurar abinci take, ta hadiye tsakuwa ta toshe mata hanji. In dutse kake so ya zama ya fi kanta girma.

Manyan masu jan ciki a ruwa suke kusan duk rayuwarsu, dan haka ruwa mai zurfin santimita 15 zuwa 20, sai dan tudun da zasu hau su huta. Mutane suna wahalar da kansu suna raba akwati biyu da gilashi da gam, rabi kasa rabi ruwa, karshe gam din ya saki kasar ta jike ta fara wari. Ni bawon bishiyar kok, wanda ake yin murfin kwalba dashi, nake jefawa ya yi iyo a sama, ko in jera duwatsu masu fadi har daya ya leko saman ruwa, shikenan. Ka tabbata dutsen ya zauna daram ba zai zame ya danne wata ba. Sai wajen buya, fasasshen tukunyar fulawa ta kasa da ka goge kaifinta tana aiki sosai, kowacce ta samu nata ramin.

Tsirrai ka cika su, kar ka ji tsoro. Anubias da Java fern da gansakukar Java da Elodea duk suna jure sanyi da karancin haske. Biyun farko ba a binne saiwarsu mai kauri a yashi, daure su ake a jikin dutse ko itace da zare, in ka binne rubewa suke. Fitila karamar LED wadda bata zafi, awa takwas zuwa goma a rana, dan tsirran ne ma ba dan niyut ba, ita duhu-duhu ta fi so. Matatar ruwa kuma ta soso wadda karamin famfon iska ke turawa, ka rage karfinta. Dabbar kududdufi ce da ruwa mai kwanciya, in ruwa na wujijjiga ta sai ta gudu tudu ta ki saukowa.

Ruwan, inda aikin yake

Ruwan famfo akwai kulorin a ciki, wasu garuruwan kuma kuloramin suke sawa wanda ko ka bar ruwan ya kwana baya fita. Dan haka duk ruwan da zai shiga akwatin sai ka diga masa maganin kashe kulorin, ni Seachem Prime nake amfani dashi amma akwai wasu da yawa. Kar ka ce zaka yi gwaninta ka zuba ruwan da aka tace tas irin na batir, babu ma'adinai a ciki, shima cutar da su yake.

Yanzu dalilin jiran sati hudu zuwa shida. Kashin dabba da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuwa guba ce, tana kona fata. Akwai kwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a cikin soson matata, wasu su mayar da amoniya naitirait, wanda shima guba ne, wasu kuma su mayar da naitirait din naitiret wanda da sauki sai in ya taru. A sabon akwati babu wadannan kwayoyin, sai ka reno su. Ka cika ruwa, ka kunna matata, ka dinga jefa dan abincin kifi kadan ya rube ko ka diga amoniyar da ake sayarwa dan wannan aikin, ka sayi kayan gwajin ruwa na digawa irin na kamfanin API, duk bayan kwana biyu ko uku ka gwada. Da farko zaka ga amoniya ta hau, sai ta sauka naitirait ya hau, shima ya sauka. Ranar da ka saka amoniya washegari ka gwada ka ga ita da naitirait duk sifili ne, naitiret kuma ya bayyana, gida ya nuna. Da yake ruwan sanyi ne abin yakan dan ja lokaci, in kana da aboki mai tsohon akwati lafiyayye ka roki guntun sosonsa, yana rage maka kwanaki. Wannan jiran shi ne mutane suka fi tsallakewa saboda doki, sai bayan sati biyu su zo suna cewa an sayar musu da mara lafiya.

Bayan sun shiga, duk sati ka zuke kashi daya cikin hudu ko biyar na ruwan da tiyo, kana bi kana tsotse dattin kasa, ka mayar da sabo mai sanyi daidai da na ciki. Naitiret kar ya wuce 40, kasa da 20 ya fi, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, in yana tsakanin 6.5 da 7.5 ka kyale shi kar ka fara zuba magunguna kana bin lamba. Soson matata in ya toshe ka matse shi a cikin ruwan da ka zuko daga akwatin, in ka kai shi bakin famfo kulorin ya kashe kwayoyin da ka sha wahalar renowa ka koma farko.

In ta tudu ce

Ba kowace niyut ke zama a ruwa ba, kuma ko masu jan ciki in suna kanana bayan sun bar matakin talibambam tudu suke hawa su yi shekara daya zuwa uku kafin su koma ruwa, a lokacin in ka jefa su ruwa mai zurfi nutsewa zasu yi su mutu. Ta gabashin Amurka ma haka take, karamarta ja ce jawur tana yawo a daji. Irin wadannan terariyom ake hada musu, wato akwatin gilashi mai kasa a ciki maimakon ruwa. A can kasa ka zuba kwallayen yumbu na shuka santimita 3 ko 4 dan ruwa ya samu wajen taruwa, ka shimfida raga a kai, sai kasa mai kaurin santimita 6 zuwa 8, hadin bawon kwakwa da aka nika da kasar shuka wadda babu taki babu maganin kwari babu fararen kwayoyin nan na falait da ake gaurayawa a kasar shuka. A sama busassun ganye da gansakuka da bawon itace da zasu shige karkashi, sai faranti mara zurfi na ruwa wanda zasu iya fitowa da kansu. Ka dinga fesa ruwa a gefe daya ka bar dayan ya dan sha iska, su da kansu zasu zabi inda ya musu. Gwajin danshi mai sauki ne, ka damki kasar ka matse, ta dunkule amma kar ruwa ya tsiyayo.

Abinci

Tana ita ce sarauniyar abincinsu, a yanka daidai bakinsu. Sai dai jar tanar nan ta cikin takin gargajiya wasu suna tofar da ita saboda wani ruwa mai daci da take fitarwa, kuma kar ka hako daga lambun da aka yi feshi. Sai jan tsutsa mai kankara da ake sayarwa a shagon kifi, a narkar da ita tukuna, da kananan kwarin ruwa irin dafniya. Na tudu kuma kudajen 'ya'yan itace marasa tashi da kananan fararen tsutsotsi, a dan barbada musu garin kalsiyam. Manya sau biyu ko uku a sati ya ishe su, kanana kullum ko bayan kwana daya. Da dogon hantsaki nake basu daya bayan daya saboda in ga wacce ta ci wacce bata ci ba, kuma ganinsu ba wani kirki gareshi ba, wajen rububi sai wata ta cafke kafar yar uwarta. Abin da ya rage bayan minti 20 ka kwashe.

Kifi kar ka hada su dashi, kwado ma haka, kuma kar ka cakuda iri biyu na niyut. Na san akwati ya fi kyau da yan kifaye suna kai da kawowa, amma yawancin kifin shago ruwan dumi suke so, wasu kuma su dinga tsakurar mata wutsiya.

Tabawa da guba

Jan cikin nan gargadi ne, fatarsu akwai guba mai suna tetrodotoksin, irin wadda ke jikin kifin fugu na Japan. A masu jan ciki kadan ce, in ka taba ka wanke hannu ba abin da zai same ka, amma in ka sosa ido ko kana da yanka zaka ji a jikinka. Akwai ta yammacin Amurka, Taricha granulosa, tata gubar ta kai ta kashe mutum in ya hadiye, kuma an taba yi, a 1979 wani mai shekara 29 a jihar Oregon ya hadiye guda daya bayan an zuga shi ya mutu. Dan haka yara kallo kawai, kyanwa ma a kiyaye. Ita ma hannunka cutar da ita yake, dumin tafin hannu da gishirin gumi da man shafawa da turare duk shiga fatarta suke. In dole ne ka dauke ta ka tura ta cikin karamin kofi, ko ka saka safar hannu ta roba mara hoda ka jika ta. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama saboda kwayar cutar salmonela.

In zafi ya zo

Ma'aunin zafi ka manna shi a ciki ka mayar da duba shi dabi'a. Ranar 19 ga Yulin 2022 da zafi ya kai 40.3 a nan Ingila, karon farko a tarihi da ya haura 40, ni ban fita ko'ina ba, gadin akwati na wuni ina yi. Labule a sauke, fitila a kashe, karamar fanka tana hura saman ruwa ta cikin raga, wannan kadai yana sauke digiri biyu zuwa uku, dabarar randa ce dai, ruwan da ke tashi shi ke tafiya da zafin. Sai gorunan ruwa da na daskarar a firiza ina jefa daya in ta narke in canza, amma a hankali, saukar sanyi farat daya shima duka ne. In abin ya faskara ka saka su a roba mai huji da jikakken tishu ka kai su daki mafi sanyi a kasan gida. Mai hali ya sayi injin sanyaya ruwan akwati ya huta, tsada gareshi amma ya fi zullumi.

Alamun da zaka sa wa ido, babbar da ta saba ruwa ta koma tudu ta ki saukowa kwana da kwanaki, kin cin abinci sama da sati biyu, kumburin jiki kamar an hura balan-balan, gyambo, ko wani farin abu kamar auduga a fata. Kafin komai ka gwada ruwa ka duba zafi, sau da yawa a nan matsalar take. Ka ware mara lafiyar a roba daban, ka nemi likitan dabbobi wanda ya san irin wadannan, kar ka zuba maganin kifi musamman mai sinadarin tagulla. In kuma ka ga wata siririyar fata tana sabulewa tana cinyewa wannan saba ce kawai, lafiyarta kalau. Kafar da aka cije ta gutsure ma tana sake tsirowa, a Japan masu bincike sun cire wa irin mai jan cikin can madubin ido sau 18 cikin shekara 16 kuma kowane karo sabo ya fito. Sabuwar da ka sayo kuwa ta yi akalla sati shida ita kadai da kayan aikinta daban kafin ka hada ta da na gida, kuma ko ka gaji da su kar ka kai su rafi ko kududdufi ka saki, doka ta hana a nan, ka nemi wani mai kiwo ya karba.

In sun ji dadin gidan, bayan sanyin hunturu ya wuce zaka ga namiji gindin wutsiyarsa ya kumbura yana tare gaban mace yana karkada mata wutsiya. Bayan kwanaki ka duba ganyen Elodea, zaka ga wasu an nade su, mai jan ciki da kafafunta na baya take nade kwai daya-daya a cikin ganye. In kana son 'ya'yan ka yanke ganyen ka mayar wata roba da ruwan akwatin domin iyayen cinye su suke, cikin sati biyu zuwa uku zasu kyankyashe da yan gashin numfashi a gefen kai, kuma abinci mai rai kadai suke ci dan mitsi-mitsi. Ka dauki goma ko sha biyar kawai ka bar sauran, domin bayan wata uku zuwa biyar duk zasu hau tudu, kowacce tana neman kudajenta, kuma kai ne zaka nemo wa kowacce gidan da zata je.